Tsagewar Fukafukan Jirgi: Wa Ya Duba, Wa Ya Sa Hannu?

Jama'a, a ƙarshen 2019 an yi ta yawo da labarin an gano tsagewa a mahaɗar fukafukan wasu jiragen Boeing 737, har an ajiye kusan guda hamsin a ƙasashe daban-daban. Na ga yadda muka kasu gida biyu a nan Facebook. Wasu sun ce su da jirgi har abada, gara su bi hanyar Abuja zuwa Kaduna da duk abin da ke cikinta. Wasu kuma sun ce ai kowa da ranarsa, a daina tayar wa mutane da hankali. Ni ma'aikacin gwamnati ne, shekara kusan ashirin ina cikin fayil da sa hannu, kuma ta wannan ƙofar labarin ya shige ni. Rubutun yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri da ni.

Bari mu fara da abin da ya faru. A ƙarshen watan Satumba na 2019 kamfanin Boeing ya sanar da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, wato FAA, cewa an ga tsagewa a jikin wasu tsofaffin 737 da ake kwancewa a Chana domin a mayar da su jiragen ɗaukar kaya. Ƙarfen da ya tsage shi ne wanda ke riƙe fiffike da gangar jikin jirgi, kusa da ramin da tayoyi ke shiga bayan an tashi. Injiniyoyi suna kiransa da sunan cokali mai yatsu saboda siffarsa. An ƙera shi ne da nufin ya kai sawu 90,000 bai ce uffan ba, sai ga shi ya fara tsagewa a wajen kashi ɗaya cikin uku na hakan.

A farkon Oktoba FAA ta fitar da umarni na dole. Duk jirgin da ya yi sawu 30,000 ko fiye, a duba shi cikin kwana bakwai. Wanda ke tsakanin sawu 22,600 da 30,000, a duba shi kafin ya ƙara sawu 1,000. Wanda aka samu da tsagewa ba zai sake ɗaukar fasinja ba sai an gyara. A Amurka kaɗai jirage 165 ne suka faɗa cikin wa'adin kwana bakwai ɗin. Kamfanin Gol na Burazil ya ajiye guda 11. A Koriya ta Kudu an fara da ajiye guda 9. Qantas na Ostireliya ya duba 33 ya samu uku, kuma cikinsu akwai wanda bai ma kai sawu 27,000 ba. Cikin jirage kusan dubu da aka duba zuwa ƙarshen Oktoba, kimanin biyar cikin ɗari ne aka samu da matsalar.

Akwai ruɗanin da ya kamata a warware. Wannan ba 737 MAX ba ne. MAX shi ne wanda ya faɗi a Indonesiya a Oktoban 2018 da mutum 189, ya sake faɗuwa a Habasha ranar 10 ga Maris na 2019 da mutum 157, ciki har da 'yan Najeriya biyu, Farfesa Pius Adesanmi da Ambasada Abiodun Bashua. Matsalar MAX ta manhajar kwamfuta ce da ke dunƙufar da hancin jirgi, kuma a Maris na 2019 aka hana shi tashi a duk duniya na wani lokaci. Wanda ake magana a kai yanzu yayansa ne, 737 NG, wanda ke aiki tun ƙarshen shekarun 1990, an ƙera dubbai, kuma yana sauka a filayen jiragenmu. A wannan matsala ta tsagewa babu jirgin da ya faɗi, babu wanda ya ji ko ƙwarzane. An riga ta ne, kuma wannan shi ne ainihin labarin.

To me ke sa ƙarfe ya tsage ba tare da an buge shi ba? Duk wanda ya taɓa yin motar langa-langa ko ta waya yana yaro ya san amsar. In kana son karya waya ba ka da filaya, lanƙwasa ta kake yi gaba da baya. Na farko ba ta karyewa, na goma ma haka, amma wurin yana ɗaukar zafi, yana yin fari, sai can ta rabu biyu a hannunka. Injiniyoyi suna kiran wannan gajiyar ƙarfe. Fiffiken jirgi haka yake rayuwa. A ƙasa nauyinsa da na mai da na inji suna janyo shi ƙasa. A sama shi ke ɗauke da jirgin gaba ɗaya, sai ya lanƙwasa sama. In kun taɓa zama ta taga kun ga bakinsa yana rawa cikin iska; da gangan aka yi shi haka, don ƙarfen da ba ya lanƙwasa karyewa yake yi. Ita ma gangar jikin tana kumbura kaɗan in an cika ta da iskar da muke shaƙa a sama, ta sake motsewa in an sauko. Tsagewa takan fara ne daga bakin ramin ƙusa ko kusurwa, siririya kamar gashi, tana ƙaruwa kaɗan-kaɗan da kowace tafiya.

Shi ya sa ake ƙirga sawu, wato tashi ɗaya da sauka ɗaya. Mu a nan shekaru muke tambaya, kamar yadda muke tambayar modal ɗin mota. Bayan hatsarin jirgin EAS a unguwar Gwammaja a Kano ranar 4 ga Mayu 2002, maganar da ta fi ƙarfi ita ce ta tsufan jirage. Shekaru suna da nasu tasirin, musamman wajen tsatsa. Amma jirgin da ke zuwa Landan daga Legas zai yi awa shida a sama ya rubuta sawu ɗaya, shi kuwa mai jigila tsakanin Kano, Abuja da Legas zai iya rubuta biyar ko shida a wuni guda. Ku yi lissafi: sawu biyar kullum, shekara guda 1,825 ke nan, cikin shekara 16 da 'yan watanni ya kai 30,000. Kuma yawancin jiragen da ke zuwa mana na hannu ne, sun riga sun ci sawunsu a wata ƙasa kafin su iso. Littafin tarihin jirgin ne kaɗai zai gaya maka gaskiyar nawa ya yi. Fenti ba zai gaya maka ba.

Darasin sawu da jini aka koye shi. Ranar 28 ga Afrilu 1988 wani 737 na kamfanin Aloha yana tafiya tsakanin tsibiran Hawai, a tsayin ƙafa 24,000, sai rufin gabansa ya yaye, fasinjoji suka tsinci kansu a zaune a fili. Iska ta fizge ma'aikaciyar jirgi ɗaya, ba a sake ganinta ba. Matuƙan suka yi ta maza suka saukar da shi da sauran mutum 94. Jirgin ya yi sawu 89,680, saboda gajerun tafiye-tafiye yake yi a bakin teku inda gishiri ke cin ƙarfe. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wata fasinja ta shaida wa masu bincike cewa ta ga tsagewa kusa da ƙofa lokacin da take shiga, amma ba ta gaya wa kowa ba. Wataƙila ta ce a ranta ai masu jirgin sun fi ni sani. Mu nawa ne za mu yi daidai abin da ta yi?

Kafin nan ma, a nan Afirka, ranar 14 ga Mayu 1977 wani Boeing 707 na ɗaukar kaya yana shirin sauka a Lusaka ta Zambiya sai ƙaramin fiffiken wutsiyarsa na dama ya cire, mutum shida da ke ciki suka mutu. Da aka bi sauran 707 na duniya aka duba, an samu irin tsagewar a gommai daga cikinsu. Daga irin waɗannan ne tunanin masu ƙera jirgi ya sauya. Yanzu ƙa'idar ita ce a ɗauka ƙarfe zai tsage wata rana, a lissafa yadda tsagewar za ta riƙa girma, sannan a tsara dubawa ta yadda za a gan ta tun tana ƙarama, tun sauran ƙarafan da ke gefenta suna iya ɗaukar nauyin. Ma'ana lafiyar jirgin ta rataya ne a kan a zo a duba a kan lokaci. In aka cire dubawar, lissafin gaba ɗaya ya rushe.

Kuma ba tsohon jirgi kaɗai abin ke samu ba. Airbus A380, jirgin fasinja mafi girma a duniya, mai hawa biyu, kimanin shekara huɗu da fara aiki aka gano tsagewa a cikin fukafukansa. Yadda aka gano ma abin mamaki ne. A Nuwamban 2010 injin wani A380 na Qantas ya fashe jim kaɗan bayan tashi daga Singafo, ya huda fiffike, Allah Ya tsare mutum 469 da ke ciki. Wajen gyaran wannan fiffike ne aka ga ƙananan tsagewa a ƙarafan da ke haɗa fatar fiffike da haƙarƙarinsa, abin da ba shi da alaƙa da fashewar injin. A Janairun 2012 hukumar Tarayyar Turai, EASA, ta ba da umarni a duba jirage 20, a Fabrairu ta faɗaɗa shi zuwa duka 68 da ke aiki a lokacin. Aka gano laifin na irin ƙarfen da aka zaɓa ne da yadda aka ɗaure shi a masana'anta. Airbus ya sauya, ya biya kuɗi masu yawa, jiragen suka ci gaba da aiki. A 2019 ma EASA ta sake neman a duba wani sashe na fukafukan A380 guda 25 da suka fi tsufa.

Don haka in na ji an ce hukuma ta ba da umarnin a duba jirage, hankalina kwanciya yake yi. Wani ya ga abu, ya rubuta, ya kai gaba, wanda aka kai wa bai danne ba, cikin 'yan kwanaki takarda ta zaga duniya da wa'adi a jikinta. Inda nake jin tsoro shi ne bayan takardar ta iso. Dubawar 737 ɗin nan aikin kamar awa ɗaya ne: a shiga ramin taya, a share wurin, a haska, a leƙa da ido ko da ƙaramar kyamara mai dogon wuya. Wasu sassan kuma sai an sa na'urar lantarki ko irin sikanin da ake yi wa masu juna biyu kafin a ga abin da ke cikin ƙarfen. Daga nan injiniya mai lasisi ya sa hannu cewa ya duba. Duk tsaron da ake taƙama da shi ya dawo kan mutum ɗaya da tocila a hannu, wataƙila da tsakar dare, ga manaja a tsaye a kansa yana duba agogo saboda an riga an sayar da tikitin safe.

Ga misalin abin da ke faruwa in wannan mutumin ko na sama da shi ya kau da kai. Ranar 19 ga Disamba 2005 wani ƙaramin jirgin da ke sauka a kan ruwa, na kamfanin Chalk's, ya tashi daga Mayami zuwa Bahamas. Mutane na bakin teku suna kallo fiffikensa na dama ya rabu da jikinsa, duka mutum 20 da ke ciki suka mutu. An ƙera jirgin tun 1947. Bincike ya nuna an daɗe ana ganin mai yana yoyo daga fiffiken, alamar akwai tsagewa a ciki, amma sai a shafa abin toshe yoyo a rufe. An yi faci a kan fata, ƙarfen da ke ƙasa yana ci gaba da rabuwa. Hukumar binciken haɗurra ta Amurka ta ɗora laifin a kan tsarin gyaran kamfanin, ta kuma ɗora wa FAA da kanta saboda ba ta gano ba. A Amurka fa ke nan, inda muke ganin komai daidai yake.

Da na karanta wannan sai na tuna wani zagayen duba ayyuka da aka taɓa sa ni a ciki. Ajujuwa ne sababbi a wani ƙauye, ba zan faɗi inda ne ba. Mun isa muka tarar fenti yana ta ƙamshi, an share fili, an jera kujeru, har da lemo a kula. Wani dattijo mai gadi ya ja ni gefe ya ce, “Ranka ya daɗe, zaga baya ka gani.” A bayan ginin tsagewa ce tun daga lintal har ƙasa, an cusa siminti an shafe, amma sabon shafen ma ya riga ya buɗe baki. Na rubuta abin da na gani a rahoto. Abin da ya biyo baya shi ne waya daga nan da can: Malam ka sassauta mana, ɗan kwangilar namu ne, shekara ta zo ƙarshe, in ba a biya yanzu ba kuɗin za su koma. Ba wanda ya ce mini ƙarya na rubuta. Cewa kawai ake yi kada in zama mai tsaurin kai. Duk ma'aikacin da ke karanta wannan ya san muryar da nake nufi, ta fi zagi wahalar ƙi, don da fara'a take zuwa, wani lokaci ma ta bakin wanda kake jin nauyinsa.

Mun saba da takardar da ke cewa an duba alhali ba a duba ba. Mota nawa ke yawo da takardar shaidar lafiya wadda ba wanda ya taɓa buɗe bonet ɗinta? Gini nawa ya rufta da mutane alhali fayil ɗinsa cike yake da hatimi? Iyayenmu suna ba da labarin duba-gari da ke shiga gida ya leƙa randa da idonsa, gani ya kori ji. A ƙasa wannan hali yana kashe mu da ɗaiɗai, shi ya sa ba ma ƙirgawa. A sama kuwa lokaci guda yake karɓar bashinsa.

Kuma mun taɓa biya. Ranar 11 ga Yuli 1991 jirgin DC-8 da Nigeria Airways ta yi haya daga kamfanin Nationair na Kanada ya tashi daga Jidda zai kai alhazai Sakkwato. Mutum 261 ne a ciki, babu wanda ya tsira. Wannan ba tsagewar fiffike ba ce, tayoyi ne. Bincike ya nuna an san iskar wasu tayoyin ba ta kai ƙa'ida ba, makaniki ya nemi a ƙara, ba a samu iskar da ake sa musu nan take ba, wanda ke kula da jigilar bai yarda a yi jinkiri ba, kuma an taɓa alƙaluman da ke cikin takardun gyara. Tayoyin suka fashe a kan titin tashi, suka kama wuta, aka naɗe su cikin jirgin da wutar a jikinsu. Har yau akwai gidaje a ƙasar Sakkwato da kewaye da ba su manta wannan rana ba. Jinkirin da aka guje wa bai fi na 'yan awoyi ba.

Na san kamfanonin jiragenmu suna cikin matsi. Tikiti da naira suke sayarwa, kayan gyara da dala suke saya, kuma yawancin babban gyara sai an kai jirgi waje. Jirgin da ke ajiye ba ya kawo ko kwabo, ga bashin banki, ga albashi. Kamfanin da jiragensa biyar ne, in aka ajiye ɗaya, kashi ashirin cikin ɗari na kasuwarsa ya tsaya. Irin wannan matsin ne ke sa a fara cewa bari ya ƙarasa wannan makon tukuna. Saboda haka ne ake buƙatar hukumar da ba ta jin kunyar kowa. Bayan haɗurran Bellview da Sosoliso a 2005, da na ADC a 2006 wanda ya ci ran Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido, an yi dokar da ta ba hukumar NCAA cin gashin kanta, kuma an ga amfanin hakan. Muna da injiniyoyi ƙwararru, da yawansu sun fito daga kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya da ke nan tun 1964. Abin da suke buƙata shi ne in sun ce jirgi ba zai tashi ba, kada wani babba ya ɗaga waya, kuma kada mutum ya rasa aikinsa don ya faɗi abin da idonsa ya gani.

Ina da roƙo guda uku. Ga hukuma: duk lokacin da irin wannan umarni ya fito, a fito a gaya wa jama'a da harshen da suke ji, jirage nawa ne a ƙasar nan abin ya shafa, nawa aka duba, me aka samu. Koriya ta faɗi nata, Ostireliya ta faɗi nata, ba wanda ya daina hawa jirgi saboda haka. Shiru ne ke haifar da jita-jita, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ga mu fasinjoji: mu bambance jinkirin raini da jinkirin gyara. In kamfani ya bar mu a zaune awa biyar ba bayani, ba ruwa, ba ban haƙuri, muna da haƙƙin mu yi ƙorafi har gaban hukuma. Amma in aka ce injiniya ya ga matsala ya hana tashi, wallahi wannan mutumin addu'a ya cancanta. Na sha ganin manyan mutane suna buga kanta suna cewa dole a tashi, suna da mitin. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, kuma ban san inda karin maganar nan ta fi dacewa ba kamar filin jirgi. In kuma ka ga wani abu a jikin jirgi da bai kwanta maka ba, ka gaya wa ma'aikatan. In ba komai ba ne, ka yi asarar minti ɗaya.

Na ƙarshe ga 'yan'uwana ma'aikata, daga mai duba magani zuwa mai duba gada da mai karɓar aikin rijiyar burtsatse. Yawancinmu ba za mu taɓa taɓa fiffiken jirgi ba, amma kowannenmu yana da layin da aka rubuta “na duba na tabbatar” a ƙasan wata takarda. Wanda zai zauna a ajin, ko ya hau gadar, ko ya sha maganin, bai san sunanka ba, ba zai kuma taɓa ganin fayil ɗin ba. Ya dogara ne da cewa ka je wurin, ka zaga baya, ka haska tocila. Masu cewa kowa da ranarsa gaskiya suka faɗa, sai dai sa hannun da ka yi naka ne, kuma za a tambaye ka.

Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, na sama da na ƙasa. Injiniyoyi da matuƙa da ke cikin abokaina, ina jiran ƙarin bayaninku a ƙasa, musamman kan yadda ake bin irin wannan umarni a nan gida.